Ajin da Na Koyar Daga Kan Tabarma

Ranar da aka rufe makarantu saboda annobar korona, a ƙarshen watan Maris na 2020, ko littattafaina ban kwashe daga ofishin malamai ba. Kwana talatin gwamnonin Arewa suka ce, ni kuwa na ɗauka hutu ne ya zo da wuri. Lissafi nake koyarwa a wata sakandare mai zaman kanta a cikin Kano, kuma 'yan aji shida ne a hannuna, su arba'in da ɗaya, maza da mata. An tsara za su fara WAEC a watan Afrilu, sai aka ɗage ba tare da an sa wata rana ba. Na ce musu su riƙa bita a gida, muka yi sallama irin ta waɗanda za su haɗu jibi.

Tsakiyar Afrilu aka kulle Kano baki ɗaya. Azumi ya kama ranar 24 ga wata muna cikin gida, kuma duk wanda ya zauna a garin nan a makonnin ya san yadda aka yi ta jin rasuwar dattawa, yau nan gobe can. Karatu ba ya ran kowa. Albashi ma ya tsaya cak, don makarantar kuɗi ce, in iyaye ba su biya ba babu inda mai makaranta zai samo. Ba zan yi ƙarya ba, a makonnin farko ko sau ɗaya ban tuna da logarizim ba. Shinkafa da gas ne a kaina.

Wata ɗalibata ce ta taso ni. Bayan la'asar ta kira ni da wayar mahaifiyarta, ta gaishe ni, ta ce, "Malam, don Allah teburin logarizim ɗin nan, na buɗe na rasa ta ina ake farawa." Na fara yi mata bayani, ina cewa ta sa yatsa a layin hagu ta gangara, muna cikin haka kuɗin wayarta ya ƙare. Na bi ta da kira, nawa ma ya ƙare. Na zauna ina kallon wayar. Wannan yarinya tana cikin na gaba-gaba a ajin. In ita ta manta duba tebur cikin mako shida, ina ga na kujerar baya?

Da na yanke shawarar koyar da su ta waya, da Zoom na fara, wato manhajar taro ta bidiyo, saboda shi na ji ana ta yayi, wai makarantun Legas da Abuja da shi suke yi. Na sa ƙarfe sha ɗaya na safe. Mutum shida suka shigo. Minti goma na farko sun tafi a "Malam ba ma jin ka" da "ku kashe sifikarku", wani ƙanen ɗalibi yana leƙo fuska yana gwalo, sannan da muka fara kama hanya sai minti arba'in ɗin kyauta ya cika, aka watse. Na duba datata na ga ta yi ƙasa kamar an huda tulu. Sau biyu na gwada na haƙura. Zoom yana so kowa ya kasance da waya, da caji, da data, da sabis, duk a sa'a ɗaya. A gidajen ɗalibaina abu ne mai wuya waɗannan huɗun su haɗu a lokaci guda.

Sai na koma WhatsApp, wanda dama kusan kowane gida akwai mai shi. Mataimakiyar shugaban makaranta ta turo mini lambobin iyaye daga rajista, na bi su ɗaya bayan ɗaya da kira. A nan na san ɗalibaina fiye da yadda na san su a shekara uku. Sha biyu ne kawai ke da babbar waya tasu ta kansu, kuma goma daga ciki maza ne. Sauran sai dai ta Umma, ta Yaya, ta Anti amarya, ko ta Baba in ya dawo daga masallaci ya ga dama. Bakwai kuwa babu babbar waya a gidansu sam, sai ƙarama mai tocila.

Na buɗe zaure, wato guruf na WhatsApp, na zuba lambobin, na tura saƙon farko wajen ƙarfe goma na dare. Kuskurena na farko ke nan. Washegari da sassafe wata baƙuwar lamba ta kira ni.

"Kai ne malamin lissafi?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

"To Malam, ni ban san da wani karatu da ake yi a wayar iyalina ƙarfe goma na dare ba. Wa ka tambaya?"

Na ba shi haƙuri, na ce, "Alhaji, laifina ne, da kai ya kamata in fara." Ya yi shiru jim, ya ce in sa lambarsa a ciki shi ma ya riƙa gani. Na sa shi. Gaskiyarsa ce kuma, ni ne na yi azarɓaɓi. Na ɗauka aji na buɗe, ashe cikin gidajen mutane na shiga ba sallama. Daga ranar na roƙi mataimakiyar shugaba ta shigo ta zama admin tare da ni, na sanar cewa duk uban da ke so a sa shi za a sa shi, na kuma kafa doka: ɗaliba mace ba ta turo mini saƙo ta bayan fage, ni ma ba na tura mata, komai a zaure. Alhajin nan har aka gama bai taɓa cewa uffan ba, amma kullum in na duba waɗanda suka saurari darasi, sunansa na cikin na farko.

Mako na farko zauren ya zama kasuwa. Gaisuwar Juma'a, hotunan buɗa-baki, saƙon "tura wa mutum goma", maganin korona na tafarnuwa da lemon tsami, har da wani yaro da ya fara tallar takalma. Darasin da na tura da safe kafin azahar ya nutse ƙarƙashin saƙo ɗari biyu. Dole na rufe zauren yadda admin kaɗai ke iya magana, na buɗe na biyu don tambaya da turo aiki. Na farko allo, na biyu aji. Ta'aziyya ce kawai ban hana ba, don a watannin nan akwai ɗaliban da suka rasa kakanni, kuma ban ga yadda zan ce wa yaro ya yi shiru a kan wannan ba.

Yadda nake haɗa darasi kuwa, a hankali na gano shi, bayan ɓarnar takarda mai yawa. Rubuta lissafi da madannin waya azaba ce. Ka rubuta x² yaro ya kwafa x2, ya ɗauka x sau biyu ne, aiki ya lalace tun daga layin farko. Don haka na koma takarda. Ina shimfiɗa tabarma a tsakar gida, in ɗora farar takarda a kan murfin kwali, in rubuta da baƙar maka, manyan haruffa, mataki uku ko huɗu kawai a shafi, kowane layi da lambarsa. Sai in ɗauki hoto a inuwa, don hasken rana kai tsaye yana wanke rubutun. Bayan hoto sai saƙon murya: "Ku dubi layi na ɗaya. Ku sa yatsa a kai." Na lura in murya ta wuce minti uku ba a ƙarasa ta, saboda mai wayar yana tsaye a kan yaro yana jira. Sai na riƙa yanka darasi gunduwa-gunduwa, hoto ɗaya murya ɗaya, kamar huɗu ko biyar a rana. Bidiyo na daina shi tun da wuri. Bidiyon minti biyu yana cin datar da za ta ishi muryoyin mako guda, kuma ba kowace uwa ce za ta yarda a ƙone mata data a kan x da y ba.

Lokacin ɗauka ma sai da na yi ta lalube. Da rana akwai injin markaɗen maƙwabta, ga yarana, ga masu tallar ruwa. Bayan sallar asuba ne gari ke yin tsit, ga shi kuma datar dare mai araha ba ta ƙare ba. Matsala ɗaya, zakaran gidanmu. Babu darasin da na ɗauka a watan azumin nan da bai sa baki ba. Har yaran suka sa masa suna Mataimakin Malam.

Abin da ban shirya ba shi ne harshe. A aji da Turanci muke koyarwa, doka ce, kuma akwai mai zagayawa yana leƙe. A kan tabarma kuwa, ni kaɗai da waya, sai na ji bakina yana zamewa Hausa. Ranar da nake bayanin x² − 5x + 6 = 0, na ce a nemo lambobi biyu da in an buga su za su ba da 6, in an tara su su ba da −5. Na san nan ne ake faɗuwa, wajen mainos. Sai na ji na ce, "Mainos bashi ne. Mai shago yana bin ka naira biyu, ka koma ka ƙara cin bashin naira uku. Nawa ke kanka? Biyar. To −2 da −3 ke nan, sun ba da −5." Da yamma tambayoyin da suka shigo sun ninka na kullum, kuma daga bakin waɗanda ban taɓa jin muryarsu a aji ba.

Haka na yi da biyarin, wato auna kusurwar tafiya daga arewa ana juyawa ta hannun dama. Shekara da shekaru ina zana kibiya a allo yara suna kallona kamar ina yaren China. Wannan karon na ce kowa ya fita tsakar gida ya fuskanci inda yake sallah. Mu a nan gabas muke cewa, amma alƙiblar Kano ba gabas sak ba ce, ta ɗan karkata arewa, wajen digiri 68 daga arewa, ita kuwa gabas sak 90 ce. Na ce, "To in za ku rubuta wa WAEC, 068° za ku rubuta, lamba uku, kada a manta sifirin gaba." Wata uwa ta karɓi wayar ta turo murya da kanta, tana dariya, ta ce, "Malam, Allah ya saka da alheri, yau har ni na gane." Na kan faɗi kalmar jarrabawa da Turancinta, in maimaita ta sau biyu, don da Turanci tambaya za ta zo. Amma bayanin da Hausa yake tafiya. Har yau ina ganin rabin abin da muke kira daƙiƙanci a lissafi, rashin jin Turancin malam ne kawai.

Duba aiki shi ne ya fi cin rai. Yaro zai yi a littafinsa ya ɗauko hoto, wani a karkace, wani da inuwar kansa a kai, wani an ɗauka da hasken tocila. Ina buɗe hoton, in danna alamar fensir da ke cikin WhatsApp, in zaɓi ja, in zagaye inda aka kauce da ɗan yatsa, in mayar. Hoto talatin a dare, ido yana ruwa. A mako na uku na lura mutum biyar sun yi kuskure iri ɗaya a layi iri ɗaya, sun mayar da 7 ta zama 1. Ɗaya ya yi, saura suka kwafa har da tuntuɓensa. Wani ma bai wahalar da kansa ba, hoton abokinsa ya turo, ga gefen zanen gadon nan iri ɗaya. Faɗa ba shi da amfani a waya, yaro zai kashe data ne ya huta. Sai na canza salo: duk wanda ya turo aiki, zan iya kiran sunansa in ce ya yi mana muryar minti ɗaya ya faɗi yadda ya tashi daga layi na biyu zuwa na uku. Wanda ya kwafa ba ya iya wannan. Kwafa ta ragu, ko da yake masu turo aikin ma sun ragu.

Saura bakwai ɗin nan marasa babbar waya, su ne suka fi tsaya mini a rai. Gwamnati tana sa darussa a rediyo da talabijin, wasu suna saurare, amma rediyo ba ya tsayawa ya jira ka, ba ya kuma maimaitawa. Da aka fara sassauta kulle ranakun Litinin da Alhamis don a fita cefane, na je wurin wani mai shagon caji a bakin titinmu, irin masu tura wa mutane waƙoƙi da wa'azi a memori. Na tura masa muryoyin ta Xender. Ya gwada a ƙaramar waya, ta ƙi buɗewa. Shi ya gane dalili, ya ce muryar WhatsApp wani nau'in fayil ne da ƙananan wayoyi ba sa karantawa, sai an juya shi zuwa MP3. Ya juya su a kwamfutarsa, ya jera su da lamba. Takardun kuma na yi fotokwafi na bar su a shagon. Yaro ya zo da memorinsa a zuba masa, ya ɗauki takarda, ya ajiye aikin makon jiya a cikin wata ambulan. Na tambayi mai shagon nawa zan riƙa ba shi, ya ce, "Haba Malam, ai ni ma na faɗi lissafin nan sau biyu. Bar shi kawai." Huɗu daga cikin bakwai ɗin sun riƙa zuwa. Uku ban ji ɗuriyarsu ba sai a Agusta. Ɗaya ashe an tura shi ƙauye noma, ɗaya tana taya uwarta sana'a, ɗayan kuwa har yau bai gaya mini dalili ba.

A farkon Yuli ministan ilimi, Malam Adamu Adamu, ya fito ya ce makarantun gwamnatin tarayya ba za su buɗe don WAEC ba a wannan yanayi, ya kuma nemi jihohi su sake tunani. Ranar zauren ya mutu. Na tura darasi, mutum tara suka saurara. Wani yaro ya rubuto, "Malam tunda ba za a yi ba, a bar mu mu huta mana." Ban san amsar da zan ba shi ba, don ni ma gwiwata ta yi sanyi, ga wata na huɗu babu albashi. Na ci gaba da turawa ne kawai saboda na riga na saba tashi bayan asuba in shimfiɗa tabarma. Kafin ƙarshen watan sai magana ta juya: 'yan ajin ƙarshe za su koma a farkon Agusta, jarrabawa kuma ranar 17 ga wata. Da na ga jadawali sai da na miƙe tsaye. Lissafi ne ranar farko.

Nan take zauren ya farfaɗo, da shi da 'yan damfara. Aka fara jefo mahaɗar wasu zauruka masu alƙawarin amsoshin jarrabawa tun daren jajibiri, a tura kati kaza a sa ka. Na goge, na goge, na cire yaro ɗaya na kwana biyu. Na gaya musu ƙarara cewa wanda ya sayar maka da amsa a waya ba shi da asara in ta zama ta bogi, kai ne za ka zauna da sakamakon da aka riƙe.

Mun koma aji ƙasa da mako biyu kafin jarrabawa, bayan Babbar Sallah, kowa da takunkumi, ga bokitin wanke hannu a ƙofa, an raba kujeru nesa-nesa. A ranar farko na gane abin da waya ta iya da abin da ta kasa. Duk abin da ake yi da tunani da biro, irin su kwadiratik, logarizim, kaso cikin ɗari, waɗanda suka bi zauren sun riƙe shi, wasu ma fiye da da. Amma da na ce a fito da kamfas a zana kusurwa 60 a raba ta biyu, sai na ga hannaye suna rawa, kamfas yana zamewa, fensir ba a fiƙe ba. Giraf ma haka, ba a iya zaɓar sikeli ba. Wannan sai ka tsaya a kan yaro ka kama hannunsa. Na biyu kuma lokaci. A gida yaro yana yin tambaya ɗaya cikin awa guda, yana tashi yana dawowa. A WAEC takardar tiyori tambaya goma ce cikin awa biyu da rabi, ta zaɓi kuma hamsin cikin awa ɗaya da rabi. Babu wanda ya saba da agogo a kansa.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu dole muka fafe. Na raba aikin kashi biyu. Duk wani bayani da baki zai iya yi, na mayar da shi waya, in tura da yamma su saurara a gida. Lokacin aji kuwa ban ƙara ɓata shi a tsaye gaban allo ina surutu ba. Da an shigo sai kamfas da takardar giraf da tsofaffin tambayoyin WAEC, na ajiye agogo a kan tebur, ina zagayawa kujera-kujera. Ukun nan da suka ɓace na zaunar da su gaba, na haɗa kowanne da wanda ya fi bin zauren. Daga baya ne a wani taron bita na ji masana suna ba wannan tsari suna, wai gauraya karatun intanet da na aji. Mu a lokacin ba mu san yana da suna ba, ƙarancin kwanaki ne ya tilasta mana.

Sakamako ya fito a farkon Nuwamba. Ba zan ce kowa ya ci ba. Cikin ukun da suka ɓace, biyu sun faɗi, kuma akwai masu babbar waya tasu ta kansu da suka faɗi, don wayar ta tafi a kallon ƙwallo da hira. Yarinyar da ta fara kira na ta samu B3. Alhajin nan ya kira ni, karo na biyu ke nan da na ji muryarsa, ya ce 'yarsa ta samu kiredit, ya yi addu'a mai tsawo, ya kashe kafin in gama amin.

Ban daina ba bayan an buɗe makarantu gaba ɗaya. Duk shekara ina buɗe wa 'yan aji shida zaure biyu, amma yanzu da takarda nake farawa zuwa ga iyaye, a sa hannu, a rubuta wayar wa za a yi amfani da ita da kuma lokacin da ta fi samuwa. Ba na tura komai bayan isha'i.

Muryoyin 2020 kuwa na ɗauka sun tafi, don wayar tawa ta faɗa ruwa a shekarar da ta biyo baya, ban kuma adana su ko'ina ba. Sai wata rana ina cikin adaidaita sahu wajen Ƙofar Nassarawa, wani yaro da kayan wata makarantar gwamnati a gefena yana sauraron wani abu a ƙaramar waya, ya kara ta a kunne. Na ji ana cewa, "Mainos bashi ne. Mai shago yana bin ka naira biyu." Can sai zakara ya yi cara. Na tambaye shi inda ya samu, ya ce a wurin mai caji, naira hamsin ake zuba wa mutum duka, har da na biyarin. Na ce ya san malamin? Ya ce a'a, amma ana ce masa Mai Zakara. Na sauka a Sabon Titi, na biya kuɗina da nasa, washegari kuma na ɗauki memori na tafi shagon a zuba mini nawa.